Gadin Juma'a

Akwati biyu ne a bayan motar, tsawonsu ɗaya, katakonsu ɗaya, kowanne an lulluɓe shi da tutar Masar. Duk ramin da motar ta faɗa sai su gogi juna su yi ƙara, Saje Tadros kuwa sai ya waiwaya ta 'yar tagar da ke bayan kujerarsa kamar akwai wanda zai tsawata wa. An rubuta suna da alli a goshin kowanne: na dama Gabir, na hagu Abanub. Jiya Juma'a da rana tsaka wata mota ta tarwatse a bakin shingensu can cikin Sina'i, ta ɗauke su tare. Da sassafe aka miƙa su ga Tadros ta ƙofar baya ta asibiti, an naɗe an rufe, aka ce kada a buɗe, don babu fuskar da uwa za ta iya kallo.

"Allah ma ya taimake mu ɗayan yana sanye da rigar sulke mai sunansa a wuya," in ji ma'aikacin da ya taya su lodi. "In ba haka ba, da ba mu san wane ne wane ba."

Tadros ya ji maganar kamar yadda ake jin rediyon maƙwabci. Kwanansa biyu bai runtsa ba, idonsa kamar an zuba masa yashi. Ya sara wa likita, ya hau mota.

Shekararsa ashirin da 'yan kai cikin kaki, kuma igiya ukun nan da ke damtsensa ta tsufa tare da shi. Yaran da ya koya wa ɗaure takalmi sun zama hafsoshi, yanzu shi yake sara musu. Babu wanda ya taɓa ce masa saboda sunansa na Kirista ne. Ba a faɗin irin wannan, sai dai a dafa masa kafaɗa a ce baɗi in Allah ya kai mu. Amma ranar da wani Kirista ya mutu, nan take ake tunawa da shi. Hafsoshi ba su san inda ake tsayawa a coci ba, ba su san lokacin cire hula ba, sai a ce a kira Tadros. Da haka ya zama ɗan rakiyar gawa, har ya san hanyoyin ƙauyukan kudu fiye da yadda ya san hanyar makarantar 'ya'yansa. Abu ɗaya yake taƙama da shi, shi ma a zuci: bai taɓa kai wa uwa ɗanta a makare ba, bai taɓa bari an wulaƙanta akwati a hannunsa ba.

"Ungo, Baban Mina, sa wani abu a cikinka."

Kofur Shahat ne, direbansa, sa'ansa a shekaru da kuma rashin ƙarin girma. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan ya miƙo gurasa da dafaffen ƙwai a ciki.

"Azumi nake, Alhaji."

Shahat bai taɓa zuwa ko filin jirgi ba, amma tun suna samari Tadros yake kiransa Alhaji, shi ma yana amsawa.

"Kai jama'a! Wancan watan azumi, wannan watan azumi. Mu wata ɗaya muke yi duniya ta ji, ku kuna yin rabin shekara shiru kamar masu satar kaji. Wannan kuma na mene ne?"

"Na haihuwar Almasihu."

"To ba a riga an haife shi ba?" Ya zare ƙwan ya jefa a bakinsa, ya sake miƙo gurasar. "Ga ta tsirara. Ko ita ma ta yi maka laifi?"

Tadros ya karɓa don a zauna lafiya. Ya ci rabi, ya riƙe sauran a hannu har suka wuce Minya, gonakin rake suka rufe hanya dama da hagu.

Garin Gabir suka fara zuwa, domin danginsa sun yi ta waya tun safe suna so a same shi a sallar azahar. Nazlat Dahi sunan ƙauyen, kuma tun daga gada mutane suka tare motar. Ba su jira an gama tsayawa ba. Samari suka haye, suka sauke akwatin dama a kan kafaɗu, gari ya ɗauki kalmar shahada. Mata a kan soraye suna kuka suna guɗa a lokaci guda, wata tana kiransa ango. A ƙofar masallaci wani dattijo, baffan mamacin, ya tambayi inda za a yi wanka.

"Wane wanka?" in ji liman. "Shahidi ne. Da jininsa da ƙurarsa zai je gaban Ubangijinsa. Kada wanda ya taɓa naɗin nan."

Tadros ya tsaya a waje kusa da tulin takalma, hula a hannu. Ya san wannan tsayuwar sarai, ya yi ta a ƙauyuka da yawa. Masallaci ya cika, sahu ya fito har kan titi, har gaban shagon aski. Bayan an idar ya bi su maƙabarta daga baya-baya, ya ga an ciro naɗaɗɗiyar gawar daga akwati, hannuwa da yawa suka karɓe ta, ta shige ƙasa. Shahat ma ya zuba tasa ƙasar, ya dawo yana share ido da bayan hannu.

Saura ya kai wa uwar tuta. Ya same ta zaune a ƙasa a tsakar gida cikin baƙaƙen kaya, ta shafa laka a goshi da kumatu, mata sun kewaye ta. Ya durƙusa, ya miƙa tutar da hannu biyu, ya faɗi kalmomin da ya saba faɗi. Ba tutar ta kama ba, hannunsa ta kama. Ta juya shi, ta ga ɗan shuɗin gicciyen da ke cikin wuyan hannunsa na dama, wanda ake yi wa kowane ɗan Kibɗawa, Kiristocin Masar, da allura tun yana goye.

"Ashe kai ma irin su Abanub ne."

"Kin san shi, Inna?"

"Ban taɓa ganinsa ba, ɗana, amma Gabir ba shi da hira sai tasa. Duk Juma'a shi yake karɓar masa gadi ya tafi masallaci. Ya ce mini, Inna, tun da aka haɗa mu ban rasa Juma'a ko ɗaya ba. Na ce in sun sami hutu ya kawo mini shi in yanka masa agwagwa. Yana ina? Ya ji abin da ya faru?"

"Yana cikin mota, Inna."

Ta dube shi, ta dubi ƙofa. Da ta gane, sai ta saki hannunsa ta ɗora nata biyu a ka, kukan ya koma sabo. Tadros ya miƙe da kyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

Sun bar ƙauyen, sun kama hanyar da ke bin gefen babban magudanar ruwa, akwati ɗaya yanzu a baya, ba ya ƙara. Shahat yana ta maganar yawan jama'a, yana cewa shi in ya sami rabin wannan sahu ya gode. Tadros kuwa hankalinsa yana wani wuri. Maganar tsohuwar ce ta maƙale masa kamar ƙaya a haƙori. Gadin Juma'a ai ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Tun yana ƙaramin soja, da zarar an yi kiran sallah sai ka ga duk wani Kirista na barikin, Girgis ne ko Bulus, a bakin ƙofa da kan hasumiya, sauran sun tafi. Babu dokar da ta ce a yi haka, kara ce kawai, su ma akan rama musu ranar bikinsu in an tuna. Ya tsaya wa mutane ba iyaka. Kuma da yake sulke bai isa kowa ba, sai masu tsayuwa a bakin shinge ake ba, in za ka karɓi wurin mutum sai ya tuɓe nasa ya rataya maka, da hular kwanonsa, ya tafi alwala da 'yar shara.

Wato sunan da ke wuyan sulke ba lallai ne na wanda yake sanye da shi ba.

"Alhaji, da wane lokaci abin nan ya faru jiya?"

"An ce daidai lokacin kiran sallar Juma'a, ana canjin gadi."

"Tsaya."

"Fitsari? Ka bari mu—"

"Na ce ka tsaya!"

Shahat ya gangara gefen wata gonar rake. Babu kowa sai wata ɓauna ɗaure a gindin dabino. Tadros ya ɗauko ƙarfen cire taya, ya hau bayan motar, ya naɗe tutar a hankali ya ajiye gefe. Shahat yana tsaye a ƙasa yana cewa an hana, an hana fa, amma bai hau ya riƙe shi ba. Ƙusoshin suka yi kuka suka fito. Tadros bai je wajen fuska ba. Ya lalubo gefen dama, ya sassauta naɗin daidai yadda hannu zai fito.

Wuta ba ta taɓa hannun ba. Hannun manomi ne, mai kanta, da ƙasa a ƙarƙashin farce. Ya juya shi. Fatar wuyan hannun wayam take, babu ko ɗigon shuɗi. Ya goge ta da babban yatsa ko ƙura ce ta rufe. Ya zagaya ya duba na hagu, ko da yake ya san ba a yi a hagu.

Ya zauna a kan ƙarfen motar, ƙafafunsa suna reto. Kunya ce ta fara kama shi kafin tsoro. Likita ɗan Alƙahira ne, ba zai san wannan ba, ma'aikacin asibiti ma haka. Amma shi, wanda ya sa sulken mutane har ba ya iya tuna sunayensu, an faɗi maganar a gabansa da safe, ya ji, ya hau mota. Ɗaga naɗi kaɗan kawai ake bukata.

"Wannan Gabir ne," ya ce. "Abanub muka binne."

Shahat ya yi salati, ya maimaita, ya dafa motar. Can ya ce, "Mu koma."

"Mu koma mu ce me? Ku ɗauko fartanya?"

"Mu faɗi gaskiya. Kuskure ne."

"Kuskuren wa? Ka manta garin da muka fito? Ba su ne shekaran bara suka ƙone gidan wani don an ce yana tara mutane addu'a a ɗakinsa ba? Yau ka je ka ce musu sun yi sahu har kan titi a kan Kirista, sun sa shi kusa da kakanninsu. Za su tambayi wanda ya kawo shi. Ba za su ce likita ba, ba za su ce gajiya ba. Za su ce Saje Tadros, ga gicciye a hannunsa, uwar ma ta gani. Ni dai a bar ni, na tsufa. Amma Kom Bisada, garin su Abanub, ba ta da nisa daga nan, kuma kafin magariba labari ya isa."

"To kira Manjo."

"Abin da zai fara tambaya shi ne wa ya ba ni izinin buɗewa. Na biyu, ya ce bai ji komai ba, in mayar da ƙusa."

Shahat ya tsuguna ya tsinki ganyen rake yana yayyagawa. Gaba kura ce, baya sayaki, su biyun sun sani. Duk shekarun da suka yi suna tsokanar juna, ba su taɓa samun abin da ya raba su gida biyu kamar wannan akwatin ba, kuma babu wanda yake so ya fara kallon ɗan'uwansa.

"Yaron nan Musulmi ne, Baban Mina," Shahat ya ce a hankali. "Za ka kai shi a kaɗa masa ƙararrawa."

"Na sani."

"Ni ba malami ba ne. Ban sani ba ko sallar da aka yi can ta same shi a nan, ko tana bin wanda aka ajiye a gaba. Ban sani ba wallahi." Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. "Sauka. Zan juya motar."

Ya yi gaba, ya yi baya, yana leƙen rana ta taga, har akwatin ya daidaita tsakaninsa da alƙibla. Ya ɗauko jarkar ruwan da suke zuba wa inji, ya yi alwala a gefen hanya. Sannan ya tsaya a bayan motar shi kaɗai, da tumbinsa da tsohon kakinsa, ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Tadros ya koma bakin titi ya ba shi baya. Wata tarakta ta taho da lodin rake, ya ɗaga mata hannu ta wuce ba tare da ta rage gudu ba. Yana jin kabbarorin ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe.

Da aka sallame, suka hau tare suka juya gawar a kan gefenta na dama, yadda Shahat ya ce ake kwantar da nasu. Tadros ya mayar da murfi, ya buga ƙusoshin sama-sama.

"In sun ce za su buɗe fa?"

"Zan ce oda ce."

"Ka iya faɗin wannan," in ji Shahat. Ba da wasa ya faɗa ba, Tadros ma bai ɗauke ta wasa ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shiga Kom Bisada. Tun daga nesa ake jin ƙararrawar coci, bugu ɗaya, shiru, bugu ɗaya. Masu hidima cikin fararen riguna suka taro su da gicciye a gaba, samari suka ɗauki akwatin, mata suna kuka suna guɗa, wata tana kiransa ango. Tadros ya rasa inda zai sa idonsa. Mutanensa ne, waƙar da suke rerawa ita aka yi wa ubansa, kuma kowane dattijo da ya kama hannunsa sai ya ce Allah ya yi maka albarka da ka kawo mana shi da kanka.

A farfajiyar coci wani tsoho ya tare gaban akwatin. Dogo ne, siriri, yana ɗingisa ƙafar hagu, rawaninsa ya karkace. Aka ce wannan shi ne Baba Labib, uban mamacin, Abanub ne autansa.

"Saje, a shigar mini da shi ɗakin can tukuna. Ina so in gan shi."

"Baba, an hana buɗewa. Oda ce daga sama."

"Wane sama? Na sa kakin nan kana rarrafe. Ƙafar nan a bakin mashigin Suwez na bar rabinta, na ga abin da wuta take yi wa mutum. Ba fuska nake nema ba." Ya matso har Tadros yana jin warin taba a numfashinsa. "Uwarsa ba ta iya tashi. Ta ce in sumbaci hannunsa in zo in faɗa mata. Ni na riƙe hannun nan ranar da aka yi masa gicciye, yana tsala ihu yana harbina a ciki. Hannu kawai, ɗana."

Abuna, limamin cocin, ya dubi Tadros yana jiran abin da zai ce. Kalma ɗaya ta isa. Ya san yadda ake ɗaure fuska a ce oda, ya yi wa iyaye da yawa, sun haƙura. Da ya faɗa, da an wuce da akwatin ciki, an yi addu'a, an rufe, shi kuma ya kwana a barikinsa babu wanda ya san komai sai Shahat da ɓauna. Ya buɗe baki, sai ya ji ya gaji, gajiyar da ba ta barin mutum ya ɗaga ko ƙaramar ƙarya.

"A shigar da shi," ya ce. "Ni da Baba kawai."

Ɗakin ajiyar kujeru ne, mai ƙaramar taga ɗaya. Tadros ya sa sakata, ya zare ƙusoshin da hannu, don dama ba su kama ba. Tsohon ya sunkuya, sai ya tsaya.

"Me ya sa aka kwantar da shi ta gefe?"

Tadros ya matso kusa da akwatin. Ya zaro hannun daman daga ƙarƙashi, ya ɗora shi a tafin tsohon. Baba Labib ya juya shi. Ya kai shi wajen hasken taga. Ya daɗe yana kallo, leɓensa yana motsi ba sauti. A waje ƙararrawa tana ci gaba da bugawa.

"Ina nawa?"

Tadros ya faɗa masa duka, a tsaye, hannu a gefe kamar yana gaban hafsa: gadin Juma'a, sulken, sunan da ke wuya, da yadda shi kansa ya ji maganar da safe bai ɗaga naɗi ba. Bai rage nasa laifin ba. Tsohon ya lalubi kujera ya zauna, amma bai saki hannun ba.

"An riga an rufe shi?"

"Tun azahar, a Nazlat Dahi."

"Nazlat Dahi." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ko kasuwarsu ban bari ya je ba." Ya ɗago kai. "Da mutane?"

"Gari duka, Baba. Masallaci bai ɗauke su ba, har kan titi."

"Sun ɗauke shi da mutunci?"

"A kan kafaɗu tun daga gada. Ba su bari ya taɓa ƙasa ba sai a kabari."

"An yi masa kuka?"

"Wata tsohuwa ta yi masa, har muryarta ta dushe. Ta san sunansa ma. Ta ce ta so ta yanka masa agwagwa."

A nan ne tsohon ya karye. Ya kifa goshinsa a kan hannun ɗan wani, kafaɗunsa suna girgiza, amma bai bar sauti ya fita ba saboda mutanen da ke bayan ƙofa. Tadros ya kalli tulin kujeru har ya lafa.

"Baba, maganar a hannunka take. In ka ce a koma, yanzu zan tayar da mota, in je in faɗa musu da bakina. Abin da zai same ni ya same ni. Ɗanka ne, kana da haƙƙin ya kwanta kusa da kakanninsa."

Baba Labib ya share fuska da gefen rawani.

"In ka faɗa, za su tone shi."

"Za su tone."

"Da addu'a suka sa shi. Da me za su ciro shi?" Ya girgiza kai. "Na san yadda za su ciro shi. Za su riƙe shi nesa da jiki, wasu su tofar da yawu, a wanke ramin. Gobe kuma samarinmu su ji, su ce ba su yarda ba, a kwana ana jifa, a wayi gari ana neman wasu akwatunan. A'a. Yaron da aka ɗauka a kafaɗa ba zan bari a ja shi a ƙasa ba. Ya kwanta inda ya kwanta. Allah ya san hannunsa, ba sai an nuna masa ba."

Ya dubi gawar da ke gabansa.

"Wannan fa, an yi masa nasu?"

"Direbana ya yi masa a hanya. Shi ya ce a kwantar da shi haka."

"To a bar shi haka. In an kai shi ɗakin kabarinmu ni zan nuna yadda za a ajiye akwatin, direbanka ya tsaya nesa ya yi mini alama da kai." Ya mayar da hannun cikin naɗin, ya gyara shi kamar mai lulluɓe yaro. Sannan ya sake zaro shi, ya sumbace shi, ya mayar. "Uwar yaron nan ba ta sani ba ke nan."

"Ba ta sani ba."

"Mun ci amanarta, ni da kai. Kada ka ce ba mu ci ba. Ka riƙe rabi, in riƙe rabi." Ya dafa gwiwa ya miƙe. "Buga ƙusarka da kyau wannan karon."

Aka yi addu'a, Abuna ya yi wa'azi a kan wanda ya ba da ransa saboda abokansa, Tadros yana tsaye a sahun gaba inda aka ajiye wa soja wuri, turare yana shiga masa ido. Ya kai tuta ɗakin da uwar take kwance. Kafin ya yi magana ta dubi mijinta da ke bakin ƙofa.

"Ka sumbata?"

"Na sumbata."

"Da sanyi?"

"Da sanyi, Maryam. Kwanta."

Rana tana gab da faɗuwa suka koma mota. Shahat ya zauna bai tayar da inji ba, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. An kawo musu abincin makoki a ƙunshi, wake da gurasa da albasa, babu wanda ya kwance. Gobe akwai wata tafiyar, ko jibi, Tadros bai tambaya ba. Yana ƙoƙarin jawo ƙofa sai ya hangi Baba Labib ya baro rumfar masu gaisuwa, yana ɗingisowa wajensu shi kaɗai. Ya kama bakin taga ya huta tukuna.

"Saje, daga nan wace mota ake shiga zuwa Nazlat Dahi?"

"Ta Mallawi, Baba. Ka sauka a gada, sauran tafiyar ƙafa ce kaɗan."

"Suna barin baƙo ya shiga maƙabartarsu?"

Shahat ne ya amsa, bai ɗago kai ba. "Suna bari, Baba. Ka je ranar Alhamis da hantsi, lokacin da ake ziyara. Sabon kabari ne daga gefen dabino, ba za ka ɓata ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Bai saki tagar ba.

"In sun tambaye ni ni wane ne fa?"

Tadros ya dubi Shahat, Shahat yana kallon sitiyari.

"Ka ce kai ne uban abokinsa."

"Uban abokinsa," in ji Baba Labib. Ya sake faɗa a hankali, yadda yaro yake biya sabon karatu don kada ya zube masa a hanya. Sannan ya saki tagar, ya gyara rawaninsa, ya koma rumfa inda mutane suke jiran su yi masa gaisuwa.